Magana Tsakanin Hasumiya da Matuƙi: Waiwaye a Kan Filin Jirgin Sama na Kano

Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan filin jirgin sama na Kano, na wajen shekarun 1950, da wuya a ce bai ci karo da hoton wani mutum a bisa raƙumi ba, ya sha rawani, yana riƙe da kakaki. Aikinsa shi ne ya busa idan jirgi ya doso, domin jama'a su san da zuwansa. Turawa masu wucewa sun ɗauke shi abin kallo, har suka sa hotonsa a katin gaisuwa. Amma in an lura, saƙon wannan bawan Allah yana da wata falala: guda ɗaya ne, ma'anarsa ɗaya, kuma ba wanda zai ji shi ya fassara shi da wani abu dabam. Wahala ta faro ne daga lokacin da jirage suka yawaita, saƙo ya tashi daga busa ya koma kalmomi, kalmomin kuma suka rinƙa bi ta wayar iska tsakanin mutane biyu da ba sa ganin juna, sau da yawa ma harshen da suke yi ba na ɗayansu ba ne.

Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, tsaron titin da jirage ke sauka da tashi a kansa ya rataya ne a kan harshe fiye da yadda akan zata, kuma ƙa'idojin maganar da ake bi a yau an same su ne bayan an yi asarar rayuka, ciki har da na mutanenmu.

Yadda magana ta shiga aikin

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Hartum zuwa Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu garin ya zama zango a kan hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar, bayan yaƙi kuwa jiragen BOAC da KLM da Sabena suka riƙa yada zango a nan su sha mai, kafin su ƙetare Sahara ko bayan sun ƙetaro ta. Wannan matsayi ne ya sa har yanzu sararin samaniyar Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano aka san shi a taswirar matuƙa.

Filin da Ingilishi da Baholande da Bafaranshe za su sauka a yini ɗaya, dole a sami harshen da za a yi da su. An rattaba hannu a yarjejeniyar Shikago ranar 7 ga Disamba 1944, daga cikinta aka sami hukumar ICAO mai kula da sufurin jiragen sama na duniya, ita kuma ta tsayar cewa a yi magana da harshen da tashar ƙasa ta saba amfani da shi, ko kuwa da Ingilishi, kuma lalle a tanadi Ingilishi ga duk jirgin ƙetare da ya nema. Sai dai ba Ingilishin hira ba ne. Wani masanin harshe na Jami'ar Montreal, Jean-Paul Vinay, ya yi aikin zaɓo kalmomin da za su tsaya a madadin baƙaƙe, irin su Alfa da Bravo da Papa, waɗanda mai jin Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci duk zai iya furtawa. Bayan gyare-gyare aka tabbatar da jerin da ake aiki da shi yanzu ranar 1 ga Maris 1956. Har lambobi ma an canja musu lafazi: uku ta koma "tri", biyar ta koma "faif", tara kuwa aka ƙara mata gaɓa don kada ta yi kama da biyar. Mai nazarin lafazi zai lura cewa wannan gyara ya fi kusa da yadda Bahaushe ke furta su a kan yadda Baturen Ingila ke yi, kuma rikicin da mukan yi tsakanin "p" da "f" ba ya tasiri in an ce Papa ko Foxtrot.

Titin jirgi shi ma da lamba ake kiransa, watau kusurwar da ya fuskanta a kamfas, a raba ta goma. Kano tana da tituna biyu, babba mai lamba 06 da 24, da ƙarami mai lamba 05 da 23. Bambancin lamba ɗaya ne tak a baki, amma a ƙasa bambancin ya haura mita 800. Ƙa'ida kuwa ita ce, ba mai hawa titi, jirgi ne ko mota ko mutum, sai da izinin jami'in da ke cikin hasumiya.

Ba kowane haɗari da aka yi a Kano ne za a jingina wa magana ba. Jirgin BOAC da ya faɗi jim kaɗan bayan tashi ranar 24 ga Yuni 1956, mutum 32 suka rasu, guguwar hadari ce ta danne shi. Haka kuma babban haɗarin 22 ga Janairu 1973, sa'ad da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 da ya taso daga Jidda ya kama da wuta wajen sauka, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya, yanayi ne da karyewar ƙafar jirgi. Waɗanda suka shafe mu a nan wasu ne.

Kalma ɗaya a cikin hazo

Kafin mu komo Kano, tilas mu ratsa ta tsibirin Tenerife, cikin tsibiran Kanari da ke gaɓar Afirka ta yamma a ƙarƙashin mulkin Sifen, domin abin da ya faru can shi ne ya canja yadda ake magana a kowace hasumiya. Ranar 27 ga Maris 1977 bam ya tashi a filin jirgin Las Palmas, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos mai titi ɗaya. Jirage suka cika hanyar gefe, saboda haka duk mai son tashi sai ya bi ta kan titin kansa ya je ƙarshe ya juyo. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, aka sa su bi titin ɗaya bayan ɗaya. Na KLM ya kai ƙarshe ya juyo, na Pan Am yana tafe a hankali yana neman mafitar da aka ce ya bi. Hazo ya rufe, ba mai ganin wani, hasumiya ma ba ta ganin kowa, kuma ba ta da na'urar da ke nuna motsin jirage a ƙasa.

Izini iri biyu ne matuƙi ke bukata: na hanyar da zai bi in ya tashi, da na tashin kansa. Jami'in hasumiya ya ba KLM na farko, a cikin bayaninsa kuwa kalmar "takeoff" ta fito, inda yake faɗin ɓangaren da za a juya bayan an tashi. Mataimakin matuƙi ya maimaita bayanin, ya rufe da cewa yanzu suna "at takeoff". Wannan siga ba ta cikin ƙa'ida. Steven Cushing, a littafinsa Fatal Words na 1994, ya nuna cewa ginin jimlar Holanci ne aka sa wa kalmomin Ingilishi: a wurin mai maganar tana nufin ana cikin aikatawa, a kunnen jami'in kuwa tana nufin ana tsaye a wurin da za a aikata. Hausa ma tana da irin wannan tarko. In mutum ya ce "muna kan tashi", ya fara ne, ko kuwa yana dab da farawa? Sai an ga fuskarsa ko an ga kayansa a ɗaure.

Jami'in ya amsa da "OK", ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce a dakata, zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙin Pan Am, da ya tsorata da abin da ya ji, ya danna tasa wayar yana cewa su fa har yanzu suna kan titi. Wayar iskar jirage kuwa mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. In biyu suka yi magana tare, sai ƙara ta maye gurbin muryoyin. Gargaɗi biyu, kowanne ya isa ya tsayar da jirgin, suka cinye juna. Abin da ya isa kunnen matuƙan KLM sarai shi ne "OK".

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya tuna da kalmarmu ta "to". Takan zama na ji, takan zama na yarda, takan zama je ka, takan zama sai me kuma, wani lokaci ma takan zama na ji amma ban yarda ba. A zaure muna rarrabe su da karin murya da yanayin fuska, ba mu cika kuskure ba. A cire fuska, a matse murya cikin waya mai ƙara, sai kalmar ta zama fanko, kowa ya zuba mata abin da ransa ke so. Matuƙin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, yana gaggawa, domin sa'o'in aikin da doka ta yarje musu sun kusa cika. Abin da yake jira ya ji, shi ya ji.

Akwai saura. Jirgin ya fara gudu, sai injiniyan da ke zaune bayan matuƙa ya ji Pan Am na gaya wa hasumiya cewa za su sanar in sun fita daga titi. Ya tambaya, shin wancan jirgi bai fita ba? Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Shi ne shugaban horar da matuƙan wannan ƙirar jirgi a kamfanin, shi ya jarraba mataimakin nasa, ba wanda ya sake tankawa. Mutum 583 suka mutu, har yau kuwa ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka ba. A ganina wannan ɓangare ya fi shafarmu a kan batun Holanci, mu da muke renon yaro a kan kada ya musa wa babba, kada ya maimaita tambayar da aka riga aka amsa masa. Kunya ado ce a gida, amma kamfanonin jirage sun wayi gari dole su koya wa ƙarami yadda zai ce wa babba a tsaya, su koya wa babba yadda zai saurara.

Bayan wannan haɗari aka keɓe kalmar "takeoff", ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashi ko janye shi, a sauran wurare sai a ce "departure". Aka kore "OK" daga ƙa'ida. Aka ƙarfafa dokar maimaitawa: duk umarnin da ya shafi titi, matuƙi ya karanto shi da bakinsa tare da sunan jirginsa, jami'i kuma ya saurara ya gyara in akwai kuskure. Ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. A kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ko a karar shanu ta Wudil, ana iya yini ana ciniki, amma dabba ba ta fita hannun mai ita sai ya ce ya sallama, kuma "albarka", duk da daɗinta, kowa ya san ƙi ce. A wurin ɗaurin aure waliyyi yakan faɗi siga, wakilin ango ya amsa da bakinsa a gaban shaidu, ba a karɓar gyaɗa kai. Inda magana za ta haifar da abin da ba ya warwaruwa, mun daɗe da keɓe mata kalma.

Kano, 1978, da Jidda, 1991

Ba a cika shekara da abin da ya faru a Tenerife ba, ranar 1 ga Maris 1978, jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 yana gangarowa zai sauka a Kano, sai ya yi karo da jirgin sojan saman Nijeriya ƙirar MiG-21, wanda ke atisayen nan da akan taɓa titi da ƙafa a sake tashi. Mutum 16 na jirgin fasinja da 2 na jirgin soja duk suka rasu. Filin Kano na farar hula ne da soja a haɗe, irin wannan fili kuwa yana da wahalarsa a ko'ina cikin duniya. Jirgin yaƙi ya fi sauri, kewayensa gajere ne, sau da yawa kuma soja da farar hula ba a tasha ɗaya suke magana ba, ta yadda jami'i yana jin kowa amma matuƙan ba sa jin juna. Matuƙi kuwa yakan gina hoton abin da ke kewaye da shi ne daga maganganun da ake yi da wasu jirage. In an toshe masa wannan, ya rage daga idonsa sai muryar mutum ɗaya. Cewa matsalar ba ta tsufa ba, an gani a birnin Washington ranar 29 ga Janairu 2025, inda jirgin soja mai saukar ungulu ya yi karo da jirgin fasinja mai shirin sauka, mutum 67 suka mutu. Can ma tashoshin dabam ne, kuma masu bincike sun nuna cewa wani yanki na umarnin hasumiya ya ɓace domin an danna waya a daidai lokacin.

Haɗarin da ya fi taɓa ƙasar Hausa a wannan babi shi ne na 11 ga Yuli 1991. Nigeria Airways ta yi hayar jirgi ƙirar DC-8 daga kamfanin Nationair na Kanada domin kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an sani, aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Yana gudu a kan titi biyu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gurzar ƙasa har wuta ta kama, matuƙa ba su sani ba suka naɗe ƙafafun cikin cikin jirgin, wutar ta shiga ci daga ƙasa. Da alamu suka fara bayyana, aka kira jami'in ƙasa, sai mai maganar ya ambaci sunan kamfaninsa na asali, Nationair, maimakon sunan da aka yi wa tafiyar rajista da shi, watau na Nijeriya mai lamba 2120. Jami'in ya ɗauka wani jirgi ne na kamfanin Saudiyya ke magana. Aka yi kimanin minti uku yana ba wancan amsar da ta dace da wannan. Jirgin ya juyo amma ya faɗi kafin ya kai titi, dukkan mutum 261 da ke ciki suka rasu, 247 daga cikinsu fasinjoji.

Gaskiya ita ce masu bincike sun ce ruɗanin suna bai canja ƙarshen al'amarin ba, wutar ta riga ta fi ƙarfin kowa. Duk da haka abin lura ne ga mai nazarin harshe. Mutum ya ƙware, ya san sunan da ya kamata ya faɗa, ya faɗe shi daidai kafin tashi, amma da tsoro ya zo sai harshe ya koma ga abin da ya saba. Haka ya faru ga Baholanden Tenerife da ginin jimlarsa. Jigilar alhazai kuwa, tun daga wancan zamani, aiki ne da ya dogara ƙwarai da jiragen haya da matuƙan ƙasashe dabam-dabam, masu ɗaukar sunan da ba nasu ba na 'yan makonni.

A Nuwamba 1996 aka yi haɗari biyu a cikin mako guda. Ranar 7 ga wata jirgin kamfanin ADC daga Fatakwal zuwa Ikko ya faɗa ruwa kusa da Ejirin da mutum 144, cikinsu har da Farfesa Claude Ake. Jami'in da ke kula da shi ya ɗauka ya riga ya ba shi izinin gangarowa, alhali bai ba shi ba, sai ga shi gaba da gaba da wani jirgin. Wajen kaucewa ya ƙwace wa matuƙi. Ranar 12 ga wata, kusa da Delhi a Indiya, jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo a sama, mutum 349 suka mutu, aka kuma danganta abin da raunin Ingilishin matuƙan Kazakistan, waɗanda suka sauko ƙasa da matakin da aka ba su. Daga nan ICAO ta ɗauki batun ƙwarewar harshe da gaske, ta tsara matakai shida, ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya masu hulɗa da jiragen ƙetare su kai mataki na 4 daga Maris 2008. Ana auna lafazi da ginin jimla da yawan kalmomi da saurin fahimta, musamman idan abin da ya faru ba shi da jimlar da aka haddace. A Nijeriya Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ke horar da jami'an, hukumar NAMA kuma, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ke tafiyar da aikinsu.

Wani abin mamaki ga mai sha'awar harsuna shi ne, jirgin da ya tashi daga Kano ya nufi Yamai, ƙasar Hausa yake ratsawa, yana yiwuwa wanda ya sallame shi da wanda zai karɓe shi duk Hausawa ne, amma ɗaya ya yi karatunsa da Ingilishi, ɗaya da Faransanci a ƙarƙashin hukumar ASECNA. Kada a yi saurin cewa ai da sai su yi Hausa. A filin jirgin Charles de Gaulle na Faris, ranar 25 ga Mayu 2000, an ba wani jirgin Faransa izinin tashi da Faransanci, matuƙan wani jirgin kaya na Ingila ba su fahimci abin da aka ce ba, suka shiga titin, fiffike ya yanki ɗakin tuƙinsu, mataimakin matuƙi ya mutu. Maganar hasumiya ba ta mutum biyu ba ce kaɗai, duk wanda ke kan tashar yana da hakkin ya fahimta.

Inda Hausa take da aiki shi ne a ƙasa. Titi ba jirage kaɗai ke kusantarsa ba: akwai direbobin motar mai da na kashe gobara, da masu yankan ciyawa, da leburorin gyara, da manoma da makiyayan da filin ya ci gonakinsu da burtalinsu. A watan Yuli 2005 jirgin Air France ya sauka a Fatakwal ya afka cikin garken shanu a kan titi, Allah ya kiyaye ba a rasa ran mutum ba. Alhazan Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a da sai sun je Kano, tun 2014 suna da filin Dutse a kusa da su, a tsakiyar ƙasar noma da kiwo. Mutanen da ke aiki a gefen irin wannan titi, da waɗanda ke zaune a bayan shingensa, da Hausa da Fulatanci suke magana, ba a kuwa jarraba su a mataki na 4. In mai kula da su ya ce wa leburan da ke riƙe da lauje "to", yana bukatar kalmar da ba ta da ma'ana sai tsaya, da wata da ba ta da ma'ana sai ƙetara, a kuma saba masa da maimaita ta kafin ya ɗaga ƙafa. Zaɓo waɗannan kalmomi da gwada su a kunnen masu aikin, irin aikin da Vinay ya yi ne a Montreal, kuma sassan nazarin harsuna na Kano da Zariya da Sakkwato suna da mutanen da za su iya yin sa.